KUFAN SABRATA DA DANDALIN ZURGU

Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, babu kuma rikicin kishiyoyi a ciki. Wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in fito da ita fili, ko Allah Ya sa a samu wanda zai ɗauka ya kai ta inda ni ba zan iya kai ta ba.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san kufai. Wuri ne da mutane suka taɓa zama suka tashi, ko don yaƙi, ko don annoba, ko don rijiya ta ƙafe. Idan ka bi ta gonakin ƙasar Rano da Kibiya ba za ka rasa irin wuraren nan ba. Za ka ga kukoki sun yi cincirindo a tsakiyar gona inda babu gida ko ɗaya, garma kuma in ta shiga ƙasa sai ta riƙa tono tsingaro da guntayen dutsen niƙa. Tsofaffi su ce maka ai nan gari ne a da. In ka tambaye su ina ƙofar gidan mai gari, ina masallaci, ina 'yan mata suke gaɗa, sai su nuna maka da sanda, nan da can, kai kuwa ba abin da kake gani sai dawa da gero. Gininmu na ƙasa ne, in damina goma ta bi ta kansa babu yaɓe sai ya koma inda aka ɗebo shi.

A wasu ƙasashen kuwa kufai a tsaye yake, har mutum ya shiga ya zauna a inda mutanen shekara 1,800 da suka wuce suka zauna. Na san haka ne ta dalilin wata ƙawata Balarabiyar Libiya, malamar firamare a garin Sabrata, wadda har yau ɗin nan da nake wannan rubutu ban taɓa sa ta a ido ba, ban san tsawonta ba, ban san yadda take tafiya ba, amma na san sunayen 'ya'yanta duka, na san ciwon da ke damun mahaifiyarta, ita ma ta san nawa.

Sanadin haɗuwarmu zane ne. A shekarar 2016 na ci karo da hoton wani tsohon zane a Facebook, baƙi wuluk mai ƙyalli, mai shi ta ce a akwatin kakarta ta tarar da shi, kakar kuma asalinta 'yar Gadamas ce, can bakin hamada, tana neman wanda ya san inda ake yin irinsa. Ina gani na gane shi, domin rinin baba ne da aka buga a mabuga har ya yi sheƙi, irin wanda mutanen Kura suka yi suna a kai. Sai na haɗa ɗan Larabcina na Islamiyya na aika mata da saƙo, na ce in dai idona bai yaudare ni ba, wannan zane daga ƙasarmu ya tafi.

Kuma ba abin mamaki ba ne. A tarihin Hausa Bakwai da aka koya mana tun muna firamare, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato su aka bar wa rini. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, daga Tarabulus ya taso a 1850 ya iso Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a ƙasar Kano suna kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus. Larabawan Gadamas da na Tarabulus sun zauna a birnin Kano har unguwarsu ta samu suna, Dandalin Turawa, domin a da can Larabawa ake ce wa Turawa kafin zuwan Nasara. Ke nan hanyar da saƙona ya bi cikin ƙiftawar ido, raƙuma sun riga sun share ta, ta Damagaram da Agadas, a cikin tafiyar watanni.

Maganar harshe kuwa sai dai a ce alhamdu lillahi. Larabcina na littafi ne, kuma gajere, nata Larabcin na gida ne wanda ko malaminmu na Islamiyya sai ya yi da gaske zai gane. Inda ya kakare sai mu nemi taimakon Google, wanda ya fara fassara Hausa a ƙarshen 2013, shi ma kuma yana da nasa shirmen. Ranar da na gaya mata na yi tuwon dawa da miyar kuka, sai ga saƙonta cikin tashin hankali tana tambaya wa ya rasu, don an fassara mata cewa miyar hawaye muka sha. Tun daga ranar, duk lokacin da ɗayanmu take cikin damuwa sai ta ce wa 'yar uwarta yau miyar kuka ce a gidan. Ita tana ce mini ukti, wato 'yar uwata, ni kuma ƙawata nake ce mata, na kuma yi mata bayanin cewa ƙawance a wurinmu ba sunan banza ba ne, yana da biki, in kin kawo mini kwano ɗaya ranar sunana, ranar naki biyu zan kai miki. Ta ce to mu da ba mu da hanyar aika kwano fa? Sai muka yanke cewa bikinmu labari ne da hoto, in ta turo ɗaya in mayar da biyu.

A cikin irin wannan biki ne ta fara turo mini hotunan gidan wasan kwaikwayon garinsu. Sabrata tana bakin Bahar Rum, tafiyar kamar kilomita 70 yamma da Tarabulus. Fataken Finikiya, wato wajen Labanan ta yanzu, su suka kafa ta a matsayin zangon ciniki tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS) da ɗaruruwan shekaru, daga baya ta koma hannun Rumawa. Ita da Lebda da wani gari mai suna Oya su ne suka ba wa yankin suna, domin Tarabulus da Girkanci ma'anarta birane uku, Oyar ce kuma ta zama birnin Tarabulus na yau.

Wajen ƙarshen ƙarni na 2 Miladiyya aka gina gidan wasan. Ka ƙaddara an raba faifai gida biyu, to rabin nan shi ne wurin zaman 'yan kallo, an jera dakali na dutse hawa-hawa, kowane layi ya ɗara na gabansa tsawo, ta yadda na baya ba zai ce na gaba ya tsare masa ba. Yana cin mutum wajen 5,000. A gabansu ga dandamalin 'yan wasa, a bayan dandamalin kuma wata katanga ce mai hawa uku da aka jera wa ginshiƙai, ta ƙofofinta kana hango shuɗin teku. Katangar ba don ado kaɗai aka yi ta ba, ita ce take mayar da muryar ɗan wasa zuwa ga jama'a, a zamanin da babu lasifika. Zama kuma ba a yin sa kara zube: manyan gari a gaba, talakawa can sama. A al'adar Rumawa attajirai da masu neman muƙami ne suke ɗaukar nauyin wasa don a san da su, abin da ko a siyasarmu ta yau ba baƙo ba ne.

Ni da nake marubuciya, abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin garin shi ne wata shari'a da aka yi a cikinsa wajen shekara ta 158. Wani marubuci ne mai suna Afuleyus, haifaffen wani gari da ke cikin Aljeriya ta yanzu, rashin lafiya ta tsayar da shi a Oya yana kan hanyarsa ta zuwa Iskandariyya. A nan ya auri mahaifiyar abokinsa, bazawara mai dukiya da ta girme shi. Dangin mijinta na farko suka ce atafau asiri ya yi mata don ya cinye dukiyar, suka maka shi gaban gwamna a Sabrata. Cikin hujjojinsu har da cewa an gan shi yana neman wani irin kifi, yana da madubi, kuma ya taɓa yi wa maganin goge haƙori waƙa. Jawabin da ya kare kansa da shi yana nan har yau ana karantawa, haka ma littafinsa na labarin wani saurayi da tsafi ya mayar da shi jaki, wanda shi kaɗai ne ƙagaggen labarin Latin da ya iso zamaninmu a cike. Da ƙawata ta gama ba ni labarin sai na ce mata, wallahi da zan canja sunayen nan in sa Alhaji da Hajiya, in raba shi littafi na ɗaya da na biyu, a sati guda zai ƙare a kasuwar Sabon Gari. Bazawara mai kuɗi, saurayi baƙo, dangin miji, zargin asiri, me ya rage?

Girgizar ƙasa ta shekarar 365 ta yi wa garin mummunar ɓarna, daga baya ya yi ta raguwa har yashi ya binne mafi yawansa. Gidan wasan da ake gani a yau, masu tonon tarihi na Italiya ne suka tono duwatsunsa suka sake ɗora su a zamanin da suke mulkin mallakar Libiya, aka buɗe shi a 1937, Musolini da kansa ya zo ya zauna ya kalli wasa a ciki. Shekara 6 ke nan kacal bayan sun rataye Umar Mukhtar a 1931, dattijon nan da kusan duk wanda ya yi kallon bidiyo a Kano ya san fim ɗinsa. Ƙawata ta ce shi ya sa tsofaffin garinsu ba su taɓa sakin jiki da wurin ba, domin sun san dalilin da ya sa aka tayar da shi, wato a nuna wa duniya cewa ƙasar tun asali ta kakannin Italiyawa ce. Su kuma na baya sun taso sun tarar da shi, nan ake kai 'yan makaranta yawon buɗe ido, nan ango da amarya suke zuwa ɗaukar hoto, hukumar UNESCO kuma ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya tun 1982.

Ana nan sai ta nemi bikinta. Ta ce ta turo mini gidan wasan garinsu, saura in turo mata namu.

Mai karatu, namu gidan wasan ai dandali ne. Ni na riski ƙarshensa a Zurgu, a ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990. Fili ne kawai a tsakiyar gari, sai bishiya da 'yan kututture. In kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, farin wata ya fito, ana idar da sallar lisha za ka ji kalangu yana kiran 'yan mata da sunayensu. Masu talla su jera farantai da fitilar aci-balbal, gyaɗa da ƙosai da rake da dafaffen rogo. Mu yi da'ira mu yi gaɗa, ɗaya ta bayar sauran su amsa, ta faɗo baya mu cafe ta. Samari suna gefe suna langa ko kokawa. A garuruwan da ake kalankuwa, samari su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu da likitansu, su yi kwanaki suna gudanar da mulkin wasa, har da shari'a da tara. In azumi ya kai goma kuma sai tashe: yaro ya manna gemun auduga ya duƙa da sanda ya zama Tsoho da Gemu, wani ya rataya tarkacen saiwoyi ya zama Jatau Mai Magani, wani a ɗaura masa igiya a ƙugu ya zama Macukule, 'yan mata kuma su yi Mairama da Daudu, su kwaikwayi zaman aure tun ba su san shi ba. A fadojin sarakuna akwai wasan gauta, inda matan gida suke kwaikwayon sarki da fadawansa a gaban idonsu, kowa ya ga halinsa a jikin wani, ya yi dariya, ya kuma gyara in mai gyarawa ne.

Bambancin namu da na Rumawa a tsarin zama yake. Su sun raba mai wasa da mai kallo, sun gina rabon da dutse. Mu da'ira muke yi, wadda take tafi yanzu ita ce a tsakiya anjima, kuma in ba a amsa ba waƙar ba ta tafiya. Saboda haka namu ba ya bukatar gini, mutane ne katangarsa.

Na ɗauki waya na tafi inda dandalinmu yake don in ɗauko mata hoto. Na tarar da shaguna a jere, mai cajin waya, mai sayar da fetur a kwalba, da wata rumfa da samari suke kallon ƙwallon Turai. Bishiyar an sare ta. Na tsaya ina nuna wa 'yata da hannu, nan muke tsayawa, can makaɗi yake zama, sai na ji muryata ta koma irin ta tsofaffin nan masu nuna kufai da sanda, alhali ko shekara 30 ba a yi ba. Ba kuma zan ce wani ne ya kashe dandali da gangan ba. Makarantun dare sun zo sun ɗauke 'yan mata, kuma alheri ne. Malamai sun yi wa'azi a kan cuɗanyar maza da mata da abin da tallan dare yake jawowa, kuma ba ƙarya suka yi ba, duk wadda ta yi dandali ta san yana da nasa dattin. Bidiyo ya zo, tun daga Turmin Danya a 1990, ya mayar da wasa cikin ɗaki. Wayar hannu ta shigo a 2001, yau ga shi ta mayar da shi cikin tafin hannu. Gari ya ƙaru, fili ya yi tsada. Kowanne ya yagi rabonsa.

Da na rasa abin ɗauka sai na jira azumin 2017. Tashe bai mutu ba tukuna, ko da yake ya rame, yaran yanzu da yawa baiti ɗaya suka sani sai miƙa hannu. Na samu wasu yara a unguwarmu da suka iya Tsoho da Gemu sosai, na nemi izinin iyayensu na ɗauke su a waya na tura mata, na bi da dogon bayani. Washegari ta ce ta nuna wa 'yan ajinta, kuma ba tare da ta fassara musu ko kalma ɗaya ba sun fashe da dariya daidai inda tsohon ya yi kamar zai faɗi ya dafe ƙugu. Sannan ta faɗi maganar da ta sa nake wannan rubutu. Ta ce su suna da gida babu wasa, mu muna da wasa babu gida. Ta ce a cikin dubban dararen da aka cika wurin nan nasu, ba wanda zai iya gaya maka abin da aka faɗa a kan dandamalin, ko abin da ya ba mutane dariya. Harsunan da aka yi wasan da su sun bar bakin mutanen garin, wasannin barkwancin da Rumawan lokacin suka fi so kuma ɗan abin da ya rage a rubuce bai taka kara ya karya ba. Ta ce ita da za a ba ta zaɓi, da ta ba da hawa ɗaya na katangar a dawo mata da dare ɗaya na wasan.

Ni kuwa sai na ga ai nata da sauƙi. Dutse yana da haƙuri, ya yi shekaru fiye da dubu a ƙarƙashin yashi yana jiran mai tono. Namu ba ya jira. Ranar da tsohuwa ta ƙarshe da ta san amshin wata waƙar gaɗa ta kwanta dama, shi ke nan, ko duk masu digirin duniya za su taru da shebur ba abin da za su tono.

Kada mai karatu ya ɗauka zumuncin namu duk hira ce da raha. A watan Satumba na 2017 faɗa ya ɓarke a Sabrata tsakanin ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai, aka yi kusan mako uku ana ɓarin wuta, har harsasai suka taɓa jikin gidan wasan. Kwana goma sha wani abu ban ji ɗuriyarta ba. In tura saƙo ya tsaya bai shiga ba, in tashi cikin dare in duba. Maigidana har yana yi mini tsiya, wai ina zubar da hawaye a kan wadda in ta wuce ni a kasuwar Rano ba zan gane ta ba. A nan na san nauyin irin wannan ƙawance: da a Kibiya take da tuni na hau mota, amma wannan ba ni da lambar maƙwabcinta, ba ni da wanda zan aika, in ta mutu ma ba wanda ya san ya kamata a gaya mini. Da Allah Ya sa ta ɓullo, sun gudu ne zuwa gidan 'yan uwa a wani gari, abin da muka fara yi shi ne musayar lambobin 'ya'yanmu.

Faɗan yana lafawa aka gano dubban baƙin fata 'yan ci-rani a tsare a gidaje da rumbunan ajiya a garin, domin Sabrata ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren da ake loda mutane a kwalekwale zuwa Italiya. A watan Nuwamba kuma gidan talabijin na CNN ya nuna hoton da ya girgiza duniya, ana gwanjon mutane a Libiya a kan kuɗin da bai wuce Dala 400 ba. A cikin waɗanda suka faɗa wannan bala'i akwai 'yan Nijeriya da yawa. Mu nan kuma ba mu rasa sanin matan da aka yaudara da aikatau aka bi da su ta Agadas ba. Raina ya ɓaci matuƙa, na kuma ga cewa in na haɗiye maganar don gudun ɓacin ranta, to ƙawancen ya zama na hoto kawai. Sai na tambaye ta kai tsaye: kun san ana yi, ko ba ku sani ba?

Ta yi kwana biyu kafin ta amsa, kuma ba ta kare kowa ba. Ta ce an sani. Ta ce akwai gidajen da kowa a unguwa ya san abin da ke cikinsu, amma masu gidan suna da bindiga, wanda ya yi magana ba ya kwana lafiya. Ta ce ranar da aka fito da mutanen, ita da maƙwabtanta sun kai burodi da ruwa, kuma ta kasa haɗa ido da ko ɗaya daga cikinsu. Ta ce in na ga ba zan iya ci gaba da magana da ita ba, ba za ta ga laifina ba.

A daren na ɗauko Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda muka karanta a sakandare. Duk wanda ya karanta ya san uwar nan da ta bar gida tana neman ɗanta, aka mayar da ita baiwa, aka bi da ita ta Murzuk har Tarabulus. Na ba ƙawata labarin, na kuma gaya mata abin da ita ba ta sani ba, cewa ayarin da ya kai wa kakarta zane shi ne yake kai mutane, kuma a kasuwanninmu aka saye su, daga hannun namu. Dillalan da suke bi gida-gida yau suna yi wa zawarawa da 'yan mata romon baka, su ma da Hausa suke magana. Hanyar nan ta hamada kowane bakinta yana da abin kunyarsa. Ba mu wanke juna ba, ba mu kuma rabu ba. A gaban dandamalin gidan wasan nasu akwai wani sassaƙe da ta taɓa turo mini, an zana birnin Rum da Sabrata kamar mutum biyu sun yi musabaha, sojoji suna tsaye a gefe. Musabahar mai mulki da wanda ake mulka ce, an sassaƙa ta ne don a gani. Tamu ba mai gani, amma ta ɗauki tambayar da na yi da amsar da ta bayar ba ta tsinke ba.

Har yanzu muna tare. An aurar da babbar 'yarta, na sa an rina mini zane a Ƙofar Mata don in yi mata biki na gaske, yana nan a akwatina ban samu amintaccen ɗan aike ba tukuna. Abin da kuma na ɗora wa kaina tun daga wancan azumin shi ne, duk lokacin da na samu sarari sai in je in zauna da tsofaffin mata a Zurgu da ƙauyukan da ke kewaye har cikin ƙasar Kibiya, in kai musu goro, in kunna waya su yi mini waƙoƙin gaɗa da na daɓe da na niƙa, su gaya mini yadda ake tsayuwa, wa yake bayarwa, wa yake amsawa, a wane wata ake yi. In dawo gida in kwafe a littafi. Biyu daga cikin waɗanda na fara da su sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, kuma akwai waƙoƙin da daga bakinsu kaɗai na taɓa ji.

Na san malaman jami'a sun yi aiki a kan wasannin gargajiya, Allah Ya saka musu, amma ba za su iya shiga kowane ƙauye ba, ba kuma kowane ɗaki ne namiji zai shiga tsohuwa ta saki baki ta yi masa waƙar ƙuruciyarta ba. Mu marubuta, musamman mata, muna da wannan dama, muna kuma da masu karatun da littafin jami'a ba ya kaiwa gare su. Mun kai jarumanmu Dubai da Landan, mun sa su a jirgi mun sauke, mun zayyana falo da kujeru da labule har mai karatu ya haddace. Me zai hana a littafi na gaba a samu babi guda da ya tsaya a dandali, a faɗi sunan wasan da yadda ake yin sa daidai, yadda jikanyarki in ta karanta za ta iya tara ƙawayenta su gwada? Wanda ba marubuci ba ma yana da waya, yana kuma da kaka ko gwaggo. Ba sai an jira wata Balarabiya daga bakin teku ta ce a turo mata hoto ba kafin mutum ya je ya duba abin da ya rage a garinsu.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu da tasu lafiya, Ya dawo da 'ya'yanmu da suke warwatse a hanyar hamada gida cikin aminci, Ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.

Wassalam. Taku har kullum, daga Zurgu, ƙasar Rano.